Idan An Janye Goron 'Yar'uwarki, Ke Za Ki Tafi Bikin?

Yau ina so mu leƙa wata ƙasa mai nisa, domin wani abu ya faru a can wanda na daɗe ina juya shi a zuciyata. Amma kafin mu kama hanya, bari in yi muku wata tambaya wadda kowace mace ta san nauyinta.

A ce ana biki a unguwarku. Uwar biki ta aiko muku da goro, ke da maƙwabciyarki, kun yi anko, kun tanadi gudummawa, har kun sa ranar kitso da lalle. Ana saura 'yan kwanaki sai ga ɗan aike ya shigo gidan maƙwabciyar nan taki, ya ce an ce ta yi zamanta, kada ta zo. Aka tambayi laifinta, aka ce ba ta yi laifin kome ba, sai dai akwai waɗansu baƙi da ba za su ji daɗin ganinta ba. To, ke da ba a janye naki goron ba, yaya za ki yi? Za ki ɗaura ɗankwalinki ki tafi ki ci shinkafa ki yi rawa, ko kuwa za ki aika wa uwar biki cewa in ba a gyara wannan magana ba, ke ma kada a sa ido a hanya?

Irin wannan tambaya ce ta faɗo a kan waɗansu marubuta littattafai a ƙasar Ostareliya a farkon shekarar 2026, kuma amsar da suka bayar ita nake so mu duba tare.

A can kudancin ƙasar akwai wani birni da ake kira Adelaide. Tun shekarar 1960 mutanen wannan birni suke yin wani taro wanda suka sa wa suna Makon Marubuta. Ana gayyato masu rubuta littattafai daga ko'ina cikin duniya, maza da mata, su zauna a gaban jama'a, a yi musu tambayoyi game da abin da suka rubuta, su yi muhawara da juna, sa'an nan mai so ya sayi littafi, marubucin ya sa masa hannu. A fili ake yinsa, a ƙarƙashin itatuwa, cikin wani lambu da aka keɓe don tunawa da matan Turawan da suka fara zama a jihar, kuma yawancin zaman ba a biyan ko kwabo a ƙofa. Tsohuwa da sandarta, ɗalibi da jakarsa, kowa sai ya samu wuri ya zauna ya saurara.

Cikin waɗanda aka gayyata taron 2026 har da wata mata mai suna Randa Abdel-Fattah. A birnin Sidni aka haife ta, mahaifinta Bafalasɗine ne, mahaifiyarta kuwa mutuniyar Masar. Ta karanta aikin lauya, ta kuma yi aikin bincike a Jami'ar Macquarie. Ku 'yan makaranta za ku so ku ji cewa littafinta na farko, wanda ya fito a 2005, labarin wata yarinya ce 'yar shekara 16 da ta yanke shawarar sa hijabi kullum a makarantar da yawancin ɗalibanta ba Musulmi ba ne, da irin kallo da surutun da ta sha. Randa kuma mace ce mai kaifin harshe a kan abin da Isra'ila ke yi wa Falasɗinawa, har waɗansu maganganun nata sun ɓata wa Yahudawan ƙasar da yawa rai ƙwarai. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, waɗanda suka gayyace ta sun san da shi tun kafin su aika mata.

Ana nan sai masifa ta auku. Ran 14 ga Disamba, 2025, wani mutum da ɗansa suka buɗe wuta a kan Yahudawa da ke bikin addininsu a bakin teku, a wani wuri da ake kira Bondi cikin Sidni, suka kashe mutum 15, har da yarinya 'yar shekara 10. Kisan gilla ne wanda babu mai hankalin da zai nema masa hanzari. Wanda ya yi ta maza ya ƙwace bindiga daga hannun ɗaya daga cikin maharan kuwa, Musulmi ne ɗan asalin Siriya. Ƙasar duka ta shiga makoki, tsoro ya kama Yahudawan ƙasar, kuma suna da gaskiyar jin tsoro.

Ran 8 ga Janairu, 2026, sai kwamitin da ke kula da taron Adelaide ya ba da sanarwa cewa ya janye gayyatar da aka yi wa Randa. Abin mamaki, cikin sanarwar nan da kanta sun ce su ba su ce ita ko rubuce-rubucenta suna da wata alaƙa da abin da ya faru a Bondi ba. Hujjarsu ita ce wai, saboda maganganun da ta yi a baya, bai dace a sa ta a gaban jama'a ba alhali makoki bai yi nisa ba. Firimiyan jihar, Peter Malinauskas, wanda gwamnatinsa ke ba taron kuɗi, ya fito ya ce yana goyon bayan wannan shawara.

Kafin a ce me, sauran marubuta suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Akwai Zadie Smith ta Ingila, akwai Helen Garner ta Ostareliya, har da Jacinda Ardern wadda ta taɓa yin Firayim Ministar ƙasar Niyu Zilan. Cikin kwana biyar waɗanda suka ce ba za su zo ba sun kai kimanin 180. Ran 13 ga Janairu shugabar Makon Marubuta, Louise Adler, ta ajiye aikinta. Ku lura da wannan mata da kyau, domin Bayahudiya ce, iyayenta suna cikin waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangi da aka yi wa Yahudawa a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun farko ta ƙi yarda da shawarar kwamitin, ta kuma ce ba za a haɗa baki da ita a toshe bakin marubuta ba. A wannan rana aka soke taron shekarar baki ɗaya, kusan dukan 'yan kwamitin suka sauka. Sabon kwamitin da aka naɗa bai yi mako guda ba ya nemi gafarar Randa a fili, ya kuma gayyace ta taron 2027.

To, 'yan'uwa, ni a ganina marubutan nan sun yi daidai, kuma ga dalilina.

Da farko dai, an hukunta mace a kan abin da masu hukuncin da bakinsu suka ce ba ita ta yi ba. In mutum ya yi laifi, a faɗi laifin, a kai shi gaban shari'a, ya kare kansa. Amma a ce ba ki yi kome ba, sai dai ganinki zai tuna wa mutane da mugun aikin waɗansu, wannan ɗora wa mutum kayan da bai ɗauko ba ne. Mu mata mun san irin wannan hukunci sarai. Sau nawa aka hana yarinya wani abu don yayarta ta yi abin kunya, ko aka ƙi gaida mace don abin da ɗan'uwan mijinta ya aikata?

Na biyu, da marubutan sun je kamar babu abin da ya faru, zuwansu ma magana ce. Watau sun gaya wa kwamitin cewa yana iya cire wanda ya ga dama, taro kuma ya ci gaba lafiya lau. Daga ranar kowane marubuci zai riƙa auna maganarsa tun yana gida, yana cewa kada in rubuta kaza a hana ni zuwa baɗi. Da haka ake kashe rubutu ba tare da an ƙone ko takarda ɗaya ba, domin mai alƙalami shi zai riƙa tace kansa da kansa. Ba dukan waɗanda suka janye ne suka yarda da ra'ayin Randa ba. Abin da suka gane shi ne abin da iyayenmu suka daɗe da faɗi, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na sani waɗansunku za su ce, ai Malama, gidan makoki ba a kiɗa, kwamitin nan tausayin waɗanda aka yi wa rasuwa ya ji. Wannan magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma ku duba, kwamitin bai ce a ɗage taron don makoki ba. A ƙarshen watan Fabrairu za a buɗe shi, watau wata biyu da rabi bayan kisan, kuma kowa zai zo ya yi maganarsa in ban da mace ɗaya. In makoki ne ya sa a yi shiru, to, shirun na kowa ne. Wanda kuma ba ya son jin Randa yana da hanya biyu a buɗe: ko ya ƙi zuwa zamanta, ko ya zo ya miƙe tsaye ya ƙalubalance ta a gaban jama'a, domin don haka aka kafa taron tun asali.

Wata kuma za ta ce, mu ma ai muna hana 'ya'yanmu karanta waɗansu littattafai, ashe mu ma masu toshe baki ne ke nan? A'a. Uwa da ta ɗauki littafi ta karanta, ta ga bai dace da shekarun 'yarta ba, ta zaunar da ita ta gaya mata dalili, tarbiyya ta yi, kuma hakkinta ne. Amma mutanen da ke zuwa lambun Adelaide manya ne masu hankalin kansu, waɗansu sun yi jika da 'yan kwamitin. Ba aikin kwamiti ba ne ya mai da mutanen gari yara ƙanana, ya zaɓa musu wanda kunnensu zai iya ɗauka.

Duk da haka kada mu ruɗi kanmu mu ce ƙauracewar nan ba ta ci kowa ba. In biki ya watse, ba uwar biki kaɗai ke asara ba, har da mai dafa abinci da makaɗi da mai hayar kujeru. Haka nan a Adelaide. Sabon marubuci wanda ya yi shekaru yana wahala a kan littafinsa na farko, yana jiran ranar da zai zauna gaban jama'a, ya rasa wannan rana. Masu sayar da littattafai sun rasa ciniki, ma'aikatan da suka yi watanni suna shiri aikinsu ya tafi a banza, dubban masu sauraro kuma suka zauna a gida. Har ma akwai masu cewa da marubutan sun je sun hau dandamalin sun faɗi rashin yardarsu a can, da ya fi. Ni dai na ga cewa surutu a kan dandamali ba zai mai da gayyatar ba, kujerun da babu kowa a kansu su suka mai da ita. Amma asarar gaskiya ce, kuma alhakinta yana wuyan wanda ya fara janye goro.

Akwai kuma wata magana da ba zan ɓoye muku ba, ko da ba za ta yi wa masu son Randa daɗi ba. A shekarar 2024 ita kanta tana cikin waɗansu malaman jami'a da suka rubuta wa wannan taro na Adelaide suna neman a janye gayyatar wani ɗan jarida na Amurka, Thomas Friedman, saboda wani rubutu da ya yi inda ya kwatanta ƙasashen Gabas ta Tsakiya da ƙwari da dabbobi. Ita tana ganin al'amuran biyu ba ɗaya ba ne. Ni kuwa, ko da yake kwatancin nasa bai yi mini daɗi ba ko kaɗan, ina ganin maganinsa shi ne a bar shi ya zo a yi masa tambayar da zai rasa amsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mudun da kika auna wa wani da shi, da shi za a auna miki, saboda haka wadda ke son a bar ta ta yi magana dole ta jure a bar wanda take ƙi shi ma ya yi tasa. Wannan bai wanke kwamitin ba, domin kuskuren jiya ba ya halatta zaluncin yau. Darasi ne dai gare mu duka.

Ku matan aure kun fi kowa sanin ka'idar irin wannan abu, domin sunansa a wurinmu yaji, daga nan ne ma ma'aikata suka samo yajin aiki. Mace mai hankali ba ta yaji don an ƙara gishiri a magana. Sai abin ya kai maƙura, ta yi magana a ɗaka ba a ji ba, sa'an nan ta tafi gida, ta faɗi dalilinta a gaban manya, ta kuma bar ƙofar biko a buɗe. In aka zo biko aka amsa laifi aka gyara, sai ta koma ɗakinta, ba ta tsaya tana ja ba. Ƙauracewar marubuta ma haka ya kamata ta zama. A Adelaide dalilin a fili yake, abin da ake nema a fili yake, an kuwa zo biko da neman gafara da sabuwar gayyata. Wanda ya mai da ƙauracewa sana'a, kullum yana fushi da kowane taro, wata rana zai waiwaya ya ga babu mai biyo shi.

Kada ku ce wannan zancen Turawa ne, bai shafe mu ba. A nan Kano, a shekarar 2007, an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a wata makarantar sakandaren 'yan mata, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, wai suna ɓata tarbiyya. Mata ne kuwa suka fi yawa cikin masu rubuta irin waɗannan littattafai da masu karanta su. Ba na cewa duk abin da aka rubuta mai kyau ne, akwai na banza waɗanda ni ma ba zan ba ƙanwata ba. Amma a cikinsu akwai waɗanda suka faɗi abin da ke ci wa mata tuwo a ƙwarya, kamar auren dole da sakin wulaƙanci da cire yarinya daga makaranta. Wuta ba ta karatu, ba ta san mai kyau da maras kyau ba. Ba ta kuma hana rubutun ba, sai ma ya koma cikin wayar hannu, inda uwa ba ta ganin abin da 'yarta ke karantawa.

Ni kaina akwai abin da nake jin kunyarsa har yau. A wata makaranta da na koyar, wata yarinya 'yar aji shida ta rubuta insha'i a kan yadda rufin ajinsu ke yoyo da damina, suna ɗauke da littattafai suna rakuɓewa a lungu. Ya yi kyau har muka zaɓe shi a karanta ranar ba da kyaututtuka. Ana gobe taro aka kira ni ofis, aka ce manyan baƙi za su zo, a cire wannan, a ba ta waƙar maraba ta rera. Na san ba daidai ba ne, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma na yi shiru don kada a ce sabuwar malama ta cika kai. Ni na je na gaya mata. Ba ta ce kome ba, ta ninke takardarta ta sa a jaka. Daga ranar duk insha'in da ta kawo mini sai in ga babu kuskure ko ɗaya a ciki, babu kuma ita a ciki. Ran da na ji labarin Louise Adler, yarinyar nan na tuna.

Saboda haka ga roƙona. Ku 'yan makaranta, in kuna muhawara a aji, ku bar abokiyar gardamarku ta kai ƙarshen maganarta, sa'an nan ku rushe ta da hujja, kada ku rufe ta da ihu. In kuka ga an hana wata magana ba da hakki ba, ko da ba ƙawarku ba ce, ko da ba ku yarda da abin da za ta faɗa ba, ku je wurin malama cikin ladabi ku tambayi dalili. Ku kuma iyaye mata, ku karanta abin da 'ya'yanku ke karantawa, ku yi hira da su a kansa, in 'yarki ta kawo miki abin da ta rubuta ki saurare ta har ƙarshe kafin ki gyara mata. Yarinyar da aka saba sauraronta a tsakar gida ita ce za ta iya buɗe baki a gaban alƙali ko likita ko dangin miji ran da magana ta zama dole.

Yanzu sai mu koma kan tambayarmu ta farko. Ni dai in an janye goron maƙwabciyata ba da laifinta ba, zan fara zuwa wurin uwar biki mu yi magana a ɗaka. In ta gyara, ni ce kan gaba wajen guɗa. In ta ƙi, ankona ya zauna a akwati. Ke fa, 'yar'uwa? Ina jiran wasiƙunku, har da na waɗanda ba su yarda da ni ba, domin su zan fara karantawa. Sai mun sake saduwa. Wassalam.